Masu Riƙon Idon Wani

A garin Morristown na jihar New Jersey a Amurka, makarantar karnukan jagora ta The Seeing Eye tana da wata al'ada. Idan kare ya kusa gama horo, sai a aika wa iyalin da suka raine shi tun yana kwikwiyo su zo su gani. Da suka zo ba a miƙa musu shi su rungume. Can baya ake tsayar da su, su riƙa bin sawunsa daga nesa yana tafe da mai horar da shi cikin gari. Suna kallo zai isa bakin titi ya ja burki, ya jira, ya tsallaka, ya kauce wa sandar fitila, ya ratsa mutane bai ko sunsuni kowa ba. Ba su da izinin kiran sunansa, don yana jin muryar da ya saba da ita hankalinsa zai rabu biyu. Wannan shi ne karen da ya tauna musu takalma, ya yi musu fitsari a kan darduma, ya hana su barci makon farko da zuwansa. Yanzu ga shi ya zama ma'aikaci, kuma ba nasu ba ne.

Tarihin karnukan jagora, yadda aka saba ba da shi, tarihin mutum biyar ne ko shida da sunayen wasu karnuka. Ni kuwa waɗancan da ke tsaye a baya su ne suka tsaya mini a rai, su da 'yan uwansu da ke tsayuwa bakin kanti cikin hunturu da gwangwanin neman gudummawa. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da aikin na farkon: riƙo. Mun san ɗan riƙo, mun san goggon da za a kai wa yarinya bayan yaye, ta ci da ita, ta sha da ita, ta koya mata gaisuwa da girki, ranar da ta isa aure kuma a zo a ɗauke ta. Abin da dubban iyalai a Ingila da Amurka suke yi wa 'yan kwikwiyo ke nan shekara da shekaru, ba a biyansu ko sisi. Amma kafin a kai ga gane cewa ana bukatarsu, sai da aka yi tafiya mai nisa.

Tushen abin yaƙi ne. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mayar wa Jamus dubban samari da suka tafi da idanunsu suka dawo babu, wasu saboda iskar guba, wasu saboda ɓaraguzan bam. Ana ba da labarin wani likita, Gerhard Stalling, cewa wata rana yana zagaya harabar asibiti da wani soja makaho sai aka kira shi, ya bar karensa wurin sojan. Da ya dawo sai ya tarar kamar karen yana lura da mutumin. Ko yaya labarin ya kasance, a watan Agusta na 1916 Stalling ya buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg, ta farko irinta a duniya. A 1923 aka buɗe wata a Potsdam, kusa da Berlin, wadda ta fi ta farkon tsari da shahara.

Makarantar Potsdam ɗin ce wata Ba'amurkiya mai hali, Dorothy Harrison Eustis, ta ziyarta. Tana zaune ne a Suwizalan kusa da garin Vevey, tana kiwon karnukan nan na Jamus masu tsayayyun kunnuwa tana horar da su don 'yan sanda da sojoji. Abin da ta gani ya girgiza ta, ta rubuta maƙala a mujallar Saturday Evening Post wadda ta fito a watan Nuwamba na 1927. A Nashville ta jihar Tennessee aka karanta wa wani saurayi makaho maƙalar. Sunansa Morris Frank. Ya rasa ido ɗaya yana yaro, ɗayan kuma a wurin dambe yana ɗan shekara 16, kuma tun daga nan yake yawo da samarin da yake biya su yi masa jagora, abin da ya ishe shi matuƙa.

A nan mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani. Mun tashi muna ganin ɗan jagora a bakin kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a, yaro a gaba riƙe da kan sanda, babba a baya riƙe da gindinta. Mun san ladan da ke ciki, mun kuma san abin da yake ci: yaron ya bar makaranta, babban kuma ba ya zuwa ko'ina sai in yaron ya ga dama. Asirinsa duk a hannun yaro yake, har inda ya je da wanda ya gani. Wannan ƙangin ne Frank yake son fita daga ciki. Ya rubuta wa Eustis wasiƙa, ta gayyace shi, ya shiga jirgin ruwa a 1928 ya tafi Suwizalan, ya dawo da wata karya da ya sa wa suna Buddy. Da ya sauka a New York 'yan jarida suka ƙalubalance shi ya tsallaka West Street, titin bakin tashar jiragen ruwa da ya yi ƙaurin suna wajen haɗari. Ya tsallaka. Ya buga wa Eustis tangaraho mai kalma ɗaya tak, wadda ma'anarta ita ce nasara. A watan Janairu na 1929 suka kafa The Seeing Eye a Nashville, daga baya ta koma New Jersey.

Labari ya tsallaka teku ya iske wasu mata biyu a Ingila, Muriel Crooke da Rosamund Bond, dukansu masu sha'awar irin karnukan nan na Jamus. Ba su da makaranta, ba su da fili, ba su da ko asusu. Suka tuntuɓi Eustis, ta turo musu mai horarwa, aka fara aiki a wani gareji a garin Wallasey, tsallaken kogin Mersey daga Liverpool. A watan Oktoba na 1931 karnuka huɗu suka kammala: Flash, Judy, Meta da Folly, aka haɗa kowanne da ubangidansa. A 1933 wani tsohon hafsan sojan Rasha, Kyaftin Nikolai Liakhoff, ya zo ya zama mai horarwa na dindindin, a 1934 kuma aka kafa ƙungiyar Guide Dogs for the Blind Association, wadda yau aka fi sani da Guide Dogs kawai. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tashe su daga Wallasey suka koma Leamington Spa a tsakiyar ƙasar.

Ya kamata a tsaya a lura da cewa Crooke da Bond su kansu masu aikin sa-kai ne. Ba gwamnati ce ta aike su ba, ba albashi suke jira ba. Kuma jama'a ba su tarbe su da tafi ba. Turawan Ingila masu son kare ne ƙwarai, sai son ya juye ya zama cikas: da yawa suna ganin sa kare aiki zalunci ne, har akan tare masu horarwa a titi ana zaginsu. Kafin mutum ya sa hannu a aljihu sai an fara wanke masa wannan zargi. Don haka masu neman gudummawa na farko aiki biyu suka yi, roƙon kuɗi da wayar da kai, suna bin majami'u da ƙananan tarukan mata da zaurukan gari, sau da yawa tare da makaho da karensa, don ido ya gane wa kansa cewa karen nan wutsiya yake kaɗawa in an ɗauko kayan aikinsa.

Matsalar da ta fi ta kuɗi ita ce ta karnukan kansu. A shekarun farko manyan karnuka ake samowa, na kyauta ko na saye, kowanne da halin da ya taso da shi. Sai a ɓata watanni ana horar da kare, ranar da babbar mota ta yi tusa a gefensa ya firgice, aiki ya koma baya. Wani ba ya hawa matakala, wani in ya ga kyanwa ya manta da kowa. Kuma karen jagora ba a karɓar rabin nagarta daga gare shi, don ran mutum ne a hannunsa. Akwai ma abin da ake nema wurinsa wanda ya wuce biyayya: in ubangidansa ya ce a tsallaka, shi kuma ya hango mota tafe, dole ya ƙi. Karen da ke cike da tsoro ba zai iya wannan ba.

Amsar ta fito ne daga wurare biyu. A Amurka, The Seeing Eye ta fara raba 'yan kwikwiyo ga yaran ƙungiyar matasan karkara ta 4-H tun 1942, su raine su a gida. A Kalifoniya kuma wani mutum mai suna Clarence Pfaffenberger, wanda shi ma sa-kai ya kai shi makarantar Guide Dogs for the Blind da ke San Rafael, ya haɗa kai da masu bincike John Paul Scott da John Fuller na cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine. Binciken su Scott ya nuna cewa akwai wata 'yar taga a rayuwar kwikwiyo, daga wajen mako uku zuwa mako goma sha biyu, wadda a cikinta yake yanke shawarar abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro a duniya. Pfaffenberger ya duba bayanan makarantarsu ya ga abin a fili: 'yan kwikwiyon da aka bari a ɗakin karnuka suka wuce wannan lokaci sun fi faɗuwa a horo, waɗanda aka kai gidajen mutane da wuri kuwa sun fi tsallakewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu mun daɗe da faɗa a kan 'ya'yanmu. Su kuma sai suka auna suka ga haka yake har ga kare.

Abin da wannan ke nufi babba ne. Makaranta tana iya ɗaukar ƙwararru ta biya su, tana iya gina ɗakuna masu tsabta, amma ba za ta iya ƙera gida ba. Ba za ta iya ƙera kukan jariri da ƙarar injin wanki da baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa da yaro mai jan kunne ba. Wannan sai gidan gaske. A 1956 Guide Dogs ta Ingila ta fara neman masu riƙo. Bayan 'yan shekaru ta fara kiwon nata irin, a ƙarƙashin Derek Freeman, mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan ɓangare, har aka ba shi lambar MBE. Zuwa 1970 aikin ya yi girman da sai da aka ware masa wurinsa, Tollgate House, kusa da Leamington Spa, a 2011 kuma aka buɗe sabuwar babbar cibiyar kiwo a yankin. A hankali Labrador da golden retriever da haɗin biyun suka karɓe gaba daga karnukan Jamus na farko. Yau ƙungiyar tana samun 'yan kwikwiyo sama da 1,000 a shekara, kuma hatta iyayen da ke haihuwarsu a gidajen masu sa-kai suke zaune, a nan ake karɓar haihuwar.

To, bari mu shiga gida ɗaya mu gani. Kwikwiyo yana zuwa yana da kamar mako bakwai ko takwas, da sunansa riga, don an saba sa wa 'yan ciki ɗaya sunaye masu farawa da harafi guda. Daren farko kuka zai yi ta yi, yana neman ɗumin 'yan uwansa. Matar gidan za ta sauko ƙarfe biyu na dare, ta sa rigar sanyi a kan kayan barci, ta fita da shi bayan gida cikin raɓa, ta tsaya tana maimaita masa kalmar da aka ce ta riƙa faɗa in zai yi bahaya. Abin kamar wasa, amma a kansa aiki ya rataya: makaho ba zai iya bin kare yana lalube inda ya yi kashi ba, dole karen ya koyi yi a inda aka ce, lokacin da aka ce. Wajen cin abinci ma da ƙa'ida. Za a ajiye kwano, ya zauna yana kallo yawu na zuba, ba zai taɓa ba sai an busa usur. Dalili shi ne wata rana za a sake shi ya yi gudu a fili, ubangidansa ba ya ganin inda ya nufa, usur ɗin nan da ya haɗa da daɗin abinci tun yana jariri shi zai dawo da shi.

Daga nan sai yawo, kullum, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. A ɗauke shi a shiga bas, ya koyi kwanciya ƙarƙashin kujera. A kai shi tashar jirgin ƙasa ya ji ƙugin jirgi har ya daina ɗaga kunne. A hau lif, a taka matakala mai ramuka wadda ake hango ƙasa ta cikinta, a wuce gaban mahauci bai karkata ba, a zauna a gidan shayi awa guda yana kwance kamar ba shi. Yana sanye da 'yar riga mai sunan ƙungiya, wadda ke sa kowa ya tsaya yana tambaya, har sayen burodi ya zama tafiyar rabin wuni. Akwai hani iri-iri da ke da wuya ga mai son kare: kada a ba shi loma daga tebur, kada ya yi tsalle ya dafa baƙo, kada ya ja igiya, ya riƙa tafiya ta hagu. Ƙungiya tana biyan kuɗin abinci da na likitan dabbobi, tana turo mai duba ci gaba lokaci-lokaci. Barcin da aka rasa da tafiyar da aka fasa da kujerar da aka yaga, wannan na mai riƙo ne.

Sai ranar rabuwa, yana da wata goma sha biyu zuwa goma sha shida. Tun ranar farko an san da ita, sanin kuwa ba ya rage komai. Za a haɗa masa bargonsa da abin wasan da ya fi so, mota ta tsaya a ƙofa, shi kuwa ya yi tsalle ya shige da murna, don an koya masa son mota da amincewa da baƙo. Nasarar mai riƙo ita ce karen bai waiwayo ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Duk wahalar shekarar an yi ta ne don a samar da halittar da za ta iya barinka cikin natsuwa ta manne wa wani. Tambayar da masu riƙo suka fi sha a titi ita ce yaya suke iya bayarwa, kuma amsar da aka fi ji daga bakinsu ba ta da ado: ana kuka, amma akwai wanda ya fi su bukatarsa.

Ba kowane kare ke kaiwa ba. Wani ciwon ƙugu ko na fata ke fitar da shi, wani son bin tsuntsu, wani tsoron da ya ƙi fita. Akan juya wasu zuwa wani aikin, wasu a nema musu gida, sau da yawa mai riƙon ake fara tambaya. Wanda aka dawo masa da karensa haka yana cikin hali biyu, daɗin ganinsa da tunanin ko shi ne ya yi sake. Irin wannan mutum ya cancanci godiya daidai da wanda nasa ya ci jarrabawa, don shekarar da ya bayar ba ta fi ta kowa gajarta ba.

Yanzu kuɗi. Guide Dogs ta Ingila ta daɗe tana cewa kare ɗaya, daga haihuwa zuwa ritaya, yana cin kusan fam 55,000, kuma tsadar rayuwa ta ƙara tura adadin sama tun daga lokacin. Shi kuwa makahon da aka ba karen, shekaru da dama abin da ake karɓa a hannunsa kwabo 50 ne na Ingila, rabin fam, don dai kada rashin kuɗi ya hana kowa. The Seeing Eye ma dala 150 take karɓa a kan karen farko tun 1934 ba ta ƙara ba, tsohon soja kuma dala ɗaya. Tazarar da ke tsakanin rabin fam da fam dubu hamsin da biyar jama'a ne ke cike ta, don kusan duk aikin karnukan nan da gudummawa yake tafiya.

Yadda ake cike ta shi ne abin sha'awa. A 1964 shirin yara na talabijin na BBC mai suna Blue Peter ya roƙi yara su tara murafen kwalaben madara da sauran tarkacen takardar alminiyam su aiko. A lokacin kowace safiya ana ajiye kwalbar madara a ƙofar gida, da ɗan murfinta mai sheƙi wanda nauyinsa bai kai na ganye ba. Yara suka riƙa wankewa, suna lallatsawa, suna cusawa a ambulan. Buhu-buhu suka taru, aka sayar, aka samu kuɗin karnuka, masu kallo kuma suka bi wata kwikwiya mai suna Honey mako-mako tana girma a gaban idonsu. Derek Freeman kansa ya zama sananniyar fuska a shirin. Yaran da suka tara murafen nan su ne suka girma suka zama masu riƙo da masu gwangwani, yau kuma da yawansu su ne ke rubuta sunan ƙungiyar a wasiyyarsu. Ƙungiyar da kanta tana cewa kusan biyu cikin kowane karnuka uku da kuɗin wasiyya ake samar da su. Irin da aka shuka da murfin madara ke nan, ya haura shekara hamsin yana ba da 'ya'ya.

Akwai kuma asusun nan mai siffar kare, girmansa kamar na gaske, zaune a ƙofar kantuna da rami a ka. Yaro zai ja hannun uwarsa sai ta ba shi kwabo ya jefa, ya shafa kan karen roba, su wuce. Ba wanda ke tambayar wa ke zuwa ya buɗe shi. Wani dattijo ne mai ritaya, da mabuɗi a aljihu, zai durƙusa ya kwashe sulallan cikin jaka, ya kai gida ya baje a tebur ya ware su kashi-kashi, ya ƙirga, ya rubuta, ya kai banki, ya aika wa mai kanti takardar godiya. A kusan kowane gari akwai reshen masu neman gudummawa, yawancinsu tsofaffi, masu shirya shan shayi da sayar da kek da tsayuwar Asabar a ƙofar babban kanti. Wasu makarantu da ma'aikatu sukan tara kuɗi mai kauri don a ba su damar raɗa wa kwikwiyo suna, sau da yawa sunan wani nasu da ya rasu. Masu sa-kai na wannan ƙungiya kaɗai sun haura dubu goma, sun ninka ma'aikatanta masu albashi sau da yawa.

Salon ya bazu. Gladys Evans ta je Ingila ta samo karyarta Sheena, ta koma gida ta kafa ƙungiyar karnukan jagora ta Afirka ta Kudu a 1953. Bonnie Bergin ta kafa Canine Companions a Kalifoniya a 1975 don masu keken guragu, aka ƙaddamar da Hearing Dogs for Deaf People a Ingila a 1982 don kurame, Frances Hay kuma ta kafa Dogs for the Disabled a 1988. Duk da riƙo suka dogara. A 1997 ma Gloria Gilbert Stoga ta shigar da 'yan kwikwiyo gidan yarin mata na Bedford Hills a jihar New York, fursunoni suka zama masu riƙo.

Na san akwai mai karatun da tun farkon rubutun nan yake yamutsa fuska, don kare a cikin ɗaki ba tarbiyyarmu ba ce. Musulmin Birtaniya ma sun fuskanci tambayar. A 2008, bayan tattaunawa tsakanin Guide Dogs da Majalisar Musulmin Birtaniya, malamai suka ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karensa. Aka keɓe wa karen wuri a wajen shiga, ba cikin inda ake sallah ba, ya kwanta ya jira. Kuma ba baƙon abu ba ne a fiƙihu, tunda Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta kuma ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba. Mafarautanmu da makiyayanmu sun san darajar kare mai aiki tun kaka da kakanni.

Ranar harin 11 ga Satumba 2001, wata karya mai suna Roselle ta sauko da ubangidanta Michael Hingson daga hawa na 78 na hasumiyar arewa ta cibiyar kasuwanci ta duniya da ke New York, matakala bayan matakala, cikin hayaƙi da warin man jirgi da ihun mutane. An ba ta lambar Dickin, babbar lambar jarumtar dabbobi, an rubuta littafi a kanta. Ta cancanta. Amma karen da bai firgita a wannan matakala ba, wani ne ya fara ɗora shi a kan matakala yana ɗan wata uku, yana lallashinsa. Roselle a gidan wasu ma'aurata a Santa Barbara ta yi ƙuruciyarta kafin ta koma San Rafael horo, kuma cikin dubun da suka san sunanta da wuya a samu ɗaya da ya taɓa tambayar nasu.

Ƙungiyoyin suna ƙoƙarin biyan wannan bashi gwargwadon iyawarsu. A Birtaniya akwai makon masu sa-kai a farkon watan Yuni tun 1984, ana ba da takardun yabo da lambobin daɗewa a aiki, a 2002 kuma aka ƙirƙiro lambar Sarauniya ta aikin sa-kai, wadda yanzu ta koma ta Sarki. A San Rafael, ranar yaye ɗalibai, mai riƙo ne ke hawa dandamali ya miƙa igiyar karen ga sabon ubangidansa a gaban jama'a, kuma a ganina babu lambar da ta kai wannan. Annobar korona ta 2020 ta nuna nauyin da suke ɗauke da shi ta hanya mai ɗaci: aka dakatar da kiwo na wani lokaci, kantuna da motocin haya da ake kai 'yan kwikwiyo su saba suka rufe, tsayuwar gwangwani ta tsaya, layin makafin da ke jiran kare ya ƙara tsawo, har bayan annobar Guide Dogs tana ta kiran a fito a karɓi riƙo.

A Ingila, in kare ya ci jarrabawa aka haɗa shi da ubangidansa, akan aika wa mai riƙo labari da hoto: karen a tsaye cikin ɗamarar aiki, ya yi ƙiba, fuskarsa ta zama ta babba. Akwai gidajen da irin hotunan nan suka cika bango, goma, ashirin, har fiye, kowanne da shekararsa. Sau da yawa ranar da hoton ya iso, matar gidan da hannu ɗaya take buɗe ambulan, ɗayan yana ƙoƙarin ƙwato takalminta daga bakin wani sabon ɗan mako takwas.